Lahay, Dakar ko Yamai: ina mai son shari'ar manyan laifuka ya kamata ya fara?

Ɗiyar ƙanwata ta iske ni ofis wata Alhamis da rana tsaka. Daga Harobanda ta tsallako Gadar Kennedy bisa kabu-kabu, ƙura har cikin gira. Ruwan da aka kawo mata ma ba ta taɓa ba, ta zaro takarda daga jaka ta shimfiɗa mini bisa tebur. Wata jami'a ce ta ƙasar Holan ta karɓe ta, masta na shekara guda kan dokar duniya ta hukunta manyan laifuka. Na bi takardar har ƙasa inda kuɗin makaranta yake: kusan euro 20,000. Na ɗauki salula na buga sau 656, ya ba ni miliyan 13 da ɗoriya na sefa. Babu kuɗin ɗaki a ciki, babu ci, babu jirgi.

"Kawu," in ji ta, "Baba ya ce in kai ka ce a yi, zai saida garkar albasa."

Na san garkar nan. Ita ta yi mata lisans a Tawa, ita ke riƙe da ƙannenta. Sai na ce ta ba ni mako guda. Abin da na faɗa mata bayan makon nake rubutawa nan, don ba ita kaɗai ba ce. Duk shekara sai an samu ɗalibai daga Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Djibo Hamani sun zo mini da wannan magana, kuma hanyoyin da ke gabansu uku ne: ko a tafi Turai, ko a tafi wata jami'ar Afirka, ko a tsaya gida a shiga alƙalanci ko lauyanci ana ƙara ilimin sannu a hankali. Ina da nawa ra'ayi, ba zan ɓoye shi ba, amma bari in fara da tambayar da na yi mata.

Na ce, abin da ya faru a Tillia wane laifi ne? Na san shi ya sa mata wannan karatu a rai. Tana lise a Tawa ranar 21 ga Maris 2021, lokacin da mahara bisa babura suka faɗa wa Intazayene da Bakorat da zangunan da ke kewaye, gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe. Kwana shida kafin nan an kashe 58 a yankin Banibangu, akasarinsu masu dawowa daga cin kasuwa. Ba ta yi wata-wata ba ta ce kisan ƙare dangi ne. Haka kowa ke cewa, har a rediyo. A gaban alƙali kuwa yawan gawa ba ya mai da kisa ya zama kisan ƙare dangi. Yarjejeniyar 1948 ta ce sai an tabbatar da niyyar hallaka wata al'umma, duka ko wani sashe nata, saboda ƙasarta ko ƙabilarta ko launinta ko addininta, kuma niyyar nan ita ce mafi wuyar kamawa a duk fannin. Laifin cin zarafin bil'adama abin da yake nema daban ne: hari kan farar hula, mai faɗi ko mai tsari, wanda wata hukuma ko ƙungiya ta ƙulla, ko ana yaƙi ko ba a yi. Laifin yaƙi shi kuma sai an nuna akwai yaƙin, kuma aikin yana da alaƙa da shi. Rami ɗaya ne, gawawwakin su ne dai, amma kowane suna da irin hujjar da yake ci.

Sannan ga inda gizo ke saƙar. Yaron da ya ja kunamar bindiga ba shi ne babban abin nema ba, wanda ya aiko shi ake so, mutumin da wataƙila bai taɓa taka ƙauyen ba. Ɗaura igiya tun daga bakin ramin har zuwa wuyan wannan mutum, ta hanyar shaidu da takardu da lambobin waya da jerin wa ke ba wa umarni, ita ce sana'ar. Da ita nake auna hanyoyin uku.

Turai dai ba abin rainawa ba ce. A Lahay, garin ƙasar Holan da masu jin Ingilishi ke kira Heg, Jami'ar Laidin tana da cibiyar Grotius, kuma da yawa daga masu koyarwa a can sun yi aiki cikin shari'o'in da ɗalibi ke karantawa. Ka fito aji ka hau keke ka je CPI, wato Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ka zauna bayan gilashi da na'ura a kunne kana jin yadda lauya ke warware shaida zare-zare. Ga ɗakin littattafan Fadar Zaman Lafiya, inda ɗaya kotun take, mai raba gardama tsakanin ƙasa da ƙasa, wadda Gambiya ta kai Myanmar gabanta a 2019. Mutane na yawan cakuɗa su. Waccan ba ta kai kowa gidan kaso, CPI ce ke ɗaure mutum. A Janeba kuma akwai makarantar dokar yaƙi da haƙƙin ɗan Adam, a garin da hedikwatar CICR, wato ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta duniya, take. Shekara guda a irin waɗannan wurare tana tsara wa mutum kansa, daga shari'ar ƴan Nazi a Nuremberg zuwa yau, tana kuma haɗa shi da abokan aji waɗanda nan da shekara goma su ne za su riƙa ɗaukar waya idan ya kira. Wannan na biyun shi ne rabin abin da ake biya.

To amma a duba ɗaya gefen. Manyan mastocin nan da Ingilishi ake yin su, kuma ba Ingilishin gaisuwa ba, na rubuta shafi talatin cikin mako. Ɗan Nijar da ya taso da Faransanci yakan ƙare wata uku na farko yana kokawa da harshe, shekarar kuwa guda ce tak. Ga biza: tun da ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a Janairun 2024, neman takardar shiga Turai ya ƙara zama tafiya mai kuɗi da jira. Ko an wuce wannan duka, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kasuwar aikin da ta cika a shekarun 2000 ta watse. Kotun Ruwanda da ke Arusha ta rufe a 2015, ta tsohuwar Yugoslabiya a 2017, ta Kambodiya ta yanke hukuncinta na ƙarshe a 2022, ta Labanan ta rufe a ƙarshen 2023. Ƙwararrun da suka fito daga cikinsu, masu shekara goma sha biyar a aiki, su ne za ka yi takara da su kan kujera ɗaya. Staj a CPI galibi ba a biya, ga tsadar haya a Lahay. Ita kanta kotun, da kasafin da ya doshi euro miliyan 200 a shekara, waɗanda ta tabbatar wa manyan laifuka tun daga Thomas Lubanga a 2012 ana ƙirga su da yatsun hannu biyu. Jean-Pierre Bemba na Kongo an sallame shi a ɗaukaka ƙara a 2018, tsohon shugaban Côte d'Ivoire Laurent Gbagbo kuma tun a shari'ar farko a 2019. Ga takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa wasu alƙalanta da masu gabatar da ƙara a 2025, cikinsu har da alƙaliya Reine Alapini-Gansou ta Benin.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Nijar tana cikin ƙasashen da suka miƙa takardar amincewa da Yarjejeniyar Rom, wadda ta kafa CPI, ranar 11 ga Afrilu 2002, ranar da adadin ya cika sittin har kotun ta samu tsayawa a 1 ga Yuli. Hukumomin Nijar ne ma suka miƙa mata Ahmad Al Faqi Al Mahdi a Satumban 2015, mutumin da ya amsa laifin rusa hubbarorin waliyyan Tumbuktu aka ɗaure shi shekara 9. Amma ranar 22 ga Satumba 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa. Ba na nan don in ce daidai ne ko kuskure, fadodin Yamai sun ishe mu wannan gardama. Abin da ɗalibi ya kamata ya sani biyu ne. Sashe na 127 ya ce ficewa tana aiki ne shekara guda bayan an miƙa wa Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya takarda, kuma ba ta wanke abin da ya faru lokacin da ƙasa ke ciki. Filifin ta fice a 2019, amma a Maris 2025 tsohon shugabanta Rodrigo Duterte ya tsinci kansa a Lahay. Na biyu, wajen ɗaukar ma'aikata kotun tana fifita ƴan ƙasashen da ke cikinta. Fasfon ɗalibi yana cikin lissafi.

Wani abu da ɗalibai ba sa lura da shi: don a sa sunan lauya cikin jerin masu kare wanda ake tuhuma ko masu wakiltar waɗanda aka zalunta a CPI, ana neman shekara 10 na aikin shari'ar laifi, mataimaki kuma shekara 5 ko ƙwarewa ta musamman. Wato ita Lahay ɗin da kanta tana cewa ka je ka yi aiki tukuna. A duba waɗanda suka yi suna daga wannan yanki namu. Fatou Bensouda lauyar gwamnati ce a Banjul tun 1987, ta yi ministar shari'a, sannan ta tafi Arusha, sannan Lahay, inda ta riƙe ofishin mai gabatar da ƙara daga 2012 zuwa 2021. Fatoumata Dembélé Diarra ta yi alƙalin bincike a Bamako tun kafin ta hau kujerar CPI a 2003. Babu wadda ta fara daga sama a cikinsu.

Hanya ta biyu ita ce ta tsakiya, kuma ina ganin ba a ba ta haƙƙinta. Dakar, Kwatano inda akwai mastan haƙƙin ɗan Adam na kujerar UNESCO, Yawunde a Jami'ar Katolika. Da Faransanci ake yi, dokokinsu da namu uwa ɗaya uba ɗaya, takardar kuma ana gane ta a gida ba tare da wahala ba. Kuɗin shekara guda a Holan zai yi wa mutum shekara biyu a Dakar har ya rage. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi: yawancinsu mastocin haƙƙin ɗan Adam ne da dokar yaƙi, shari'ar manyan laifuka darasi ɗaya ce ko biyu a ciki, sauran sai a kundin ƙarshe. Wanda ya samu malamin kirki ya duba masa kundi ya ci riba, wanda bai samu ba ya dawo da takarda kawai. Ga mai jin Ingilishi akwai Pretoriya, mastan da ake yi tun 2000, mai tallafin karatu, amma gurbi kaɗan ne ga Afirka duka. Kada kuma a manta da maƙwabta: daga Konni zuwa Sakkwato tafiyar ƴan awoyi ce, kuma shekara guda a jami'ar Najeriya tana ba mutum Ingilishi da salon yi wa shaida tambayar ƙure, wanda makarantunmu ba sa koyarwa sosai alhali kotunan duniya da shi suke aiki.

Abin da ya sa nake girmama wannan hanya shi ne Dakar ta nuna abin da za a iya. Hissène Habré ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990, kwamitin binciken ƙasarsa ya ƙiyasta mutum 40,000 sun mutu a hannun mulkinsa, ya gudu Senegal ya zauna lafiya fiye da shekara ashirin. Wa ya kai shi gaban alƙali? Souleymane Guengueng, ma'aikacin lissafi da ya fito daga kurkuku ya riƙa bin tsoffin fursunoni yana rubuta labarinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ɓoye takardun. Jacqueline Moudeïna, lauya ƴar Cadi da aka jefa wa gurneti a Njamena a 2001 ba ta janye ba. Da kuma tarin takardun ƴan sandan asirin Habré da aka iske watse a ƙasa cikin tsohon ofishinsu a shekarar, da sunayen fursunoni da rahotannin da ake aika masa shi kansa. Igiyar da nake magana ke nan. Aka fara shari'a ranar 20 ga Yuli 2015 a wani zaure na musamman cikin kotunan Senegal, alƙali Gberdao Gustave Kam na Burkina Faso na shugabanta, ranar 30 ga Mayu 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, aka tabbatar a Afrilun 2017. Kuɗin shari'ar duka bai kai euro miliyan 10 ba. Diyyar da aka yanke, sefa biliyan 82 ga mutum 7,396, ita ce ta zama ciwo, don Habré ya mutu a 2021 mutanen suna ta jira. Duk da haka wanda ya karanta wannan shari'a daga farko har ƙarshe ya fi wanda ya haddace littafi uku, kuma da Faransanci take. Haka kotun musamman ta Bangi, a Afirka ta Tsakiya, mai alƙalan gida da na waje, wadda ta yanke hukuncinta na farko a Oktoban 2022.

Saura hanyar gida, wadda na fi daɗewa a kanta da yarinyar don ita ce ba ta so ji ba.

Mutane da yawa, har da wasu masu baƙar riga, ba su san cewa tun gyaran 2003 kundin laifukan Nijar ya ƙunshi kisan ƙare dangi da cin zarafin bil'adama da laifukan yaƙi ba, daga sashe na 208.1 zuwa gaba, kuma daɗewa ba ta kashe su. Yarjejeniyar Rom ma da kanta ta ce kotunan ƙasa ne a gaba, CPI ba ta shiga sai ƙasa ta kasa ko ta ƙi. Yanzu da ake batun ficewa, ga shi kuma mun bar CEDEAO a Janairun 2025, wadda kotunta ce ta zauna nan Yamai a 2008 ta ba Hadijatou Mani gaskiya kan bauta ta ce a biya ta sefa miliyan 10, nauyin ya ƙara dawowa kan alƙalin gida. Ministocin shari'a na ƙasashen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, suna ta maganar kafa kotun Sahel. Ko an kafa ko ba a kafa ba, wanda zai zauna ya saurari mutumin Tillia ɗan ƙasar nan ne. A babbar kotun Yamai akwai ɓangare na musamman kan ta'addanci, shi ya fara shari'ar ɗaruruwan waɗanda ake zargi da Boko Haram a 2017. Galibi tuhumar da ake yi a irin waɗannan shari'o'i, nan da maƙwabta, ita ce shiga ƙungiyar ta'addanci, don ita ta fi sauƙin tabbatarwa. Illarta, sunan ƙauyen da aka ƙone da na matar da aka kashe wa miji ba sa fitowa cikin hukunci. Alƙalin bincike guda da ya san yadda ake gina tuhumar cin zarafin bil'adama zai iya canza wannan a dosiye ɗaya, kuma ban san wani aiki a Lahay da ɗan shekara talatin zai samu mai nauyin wannan ba.

Abin da gida ke koyarwa, aji ba ya koyar da shi. Ina sabon lauya aka ba ni dosiyen wani saurayi da aka kwaso cikin kame. Na kwana uku ina rubutu, shafi goma sha huɗu, Yarjejeniyoyin Janeba na 1949 daga sama har ƙasa, ina jin kaina. Na kai wa dattijon da nake staj a wurinsa. Ya juya shafi biyu, ya cire tabarau ya ce, "Metir, ranar da aka kama shi da ranar da aka kai shi gaban mai gabatar da ƙara, kwana nawa ne tsakani?" Ban duba ba. Kwanakin sun zarce abin da doka ta yarda, yana nan a shafin farko, kuma da shi kaɗai ya kamata in fara. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Na biyun ya fi wannan zama mini a rai. Wata dattijuwa ce cikin ƴan gudun hijira, ana ɗaukar bayaninta daga Tamajak zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Faransanci. Aka tambaye ta ƙarfe nawa suka zo. Ta ce ranar kasuwa ce, an yi azahar, inuwar bukka ta fara tsawo. Mai rubutu ya sa ƙarfe huɗu. Maƙwabcinta ya ce bayan azahar kaɗan, aka sa masa ƙarfe biyu. A takarda sun saɓa wa juna da awa biyu, alhali magana ɗaya suka faɗa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: lauyan da ya san aikinsa da wannan zai rusa su duka biyun. Da aka zo kan ɗiyarta, sai ta ja mayafi ta ce, "Sun shiga da ita ɗaki." Ta yi shiru. Wanda bai tashi cikinmu ba zai rubuta an shiga da ita ɗaki ya wuce. A Arusha ma haka ta kusa faruwa: tuhumar farko da aka yi wa Jean-Paul Akayesu, wani magajin gari a Ruwanda, babu fyaɗe a ciki, sai da wata shaida ta ambata da kanta, alƙaliya Navanethem Pillay ta bi diddigi, aka gyara tuhuma, har hukuncin 2 ga Satumba 1998 ya zama na farko da ya ce fyaɗe na iya zama hanyar kisan ƙare dangi. Yarinyar da ke jin Hausa da Zabarmanci da ɗan Tamajak, ta kuma san abin da shirun tsohuwa ke nufi, tana riƙe da abin da ba a saya da euro 20,000. Kotunan duniya ma neman irinta suke. A shari'ar Dominic Ongwen, kwamandan ƴan tawaye ɗan Yuganda, sai da CPI ta horar da masu fassara harshen Acholi.

Kada a ce na yi wa gida kwalliya. Ɗakin littattafanmu ba ya ƙosarwa. Gasar shiga makarantar horar da alƙalai gurbinta kaɗan ne, wanda ya ci kuma ba shi ke zaɓen inda za a tura shi ba, yana iya shekara biyar kan rikicin gona da satar awaki. Lauya kuwa, bayan jarrabawar shiga lauyanci ta CAPA da staj na shekara uku, zai gane cewa dokar kasuwanci ta OHADA ce ke biyan haya, shari'ar laifi ba ta cika aljihu, da yawa sun shiga da niyyar Tillia sun ƙare a kwangilar banki. Akwai hatsari na gaske ga mai bincike a wasu yankuna. Mafi nauyi duka, wannan doka ba ta tambayar ko mai laifi rawani ya naɗa ko kaki ya sa, kuma kotun gida a ko'ina cikin duniya hannunta na rawa idan abin ya zo kan masu iko. Gini ta ɗauki shekara 13 kafin ta fara shari'ar kisan filin wasa na 28 ga Satumba 2009, ta ɗaure tsohon shugaban mulkin soja Moussa Dadis Camara shekara 20 a Yulin 2024, aka yi masa afuwa a Maris 2025. Gadar da yarinyar ta tsallako ma, a kanta aka kashe ɗalibai uku ranar 9 ga Fabrairu 1990, kuma duk shekara ɗalibai na fitowa suna neman a yi shari'a. Wanda zai tsaya gida ya san da wannan tun yanzu.

Amma ita ma shari'ar duniya ba ta gama komai. Nan cikin Yamai aka kawo ƴan Ruwanda takwas a Disamban 2021, waɗanda kotun Arusha ta sallama ko suka gama zaman kaso, aka rasa ƙasar da za ta karɓe su, suka zauna tsare a gida guda shekara da shekaru, wasunsu har suka mutu a nan. Duk ɗalibin da ke ganin Lahay da Arusha aljanna ce ya yi nazarin wannan.

Ramin ilimin da ke hanyar gida ana iya cike shi da araha. Hukunce-hukuncen kotunan nan duka suna intanet kyauta a rumbun Legal Tools na CPI, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana da laccocin manyan malamai na bidiyo, wasu da Faransanci. Makarantar dokar ƙasa da ƙasa ta Lahay, wadda ke koyarwa tun 1923, tana da darasin mako uku da Faransanci da Ingilishi, tana kuma ba da tallafi. Gidauniyar René Cassin ta Strasbur tana kawo zamanta har Dakar. Ga gasar dokar yaƙi ta Jean-Pictet ga ɗalibai. Ni mako ukun nan na yi, bayan na shekara takwas ina aiki, kuma na ga bambanci da idona: yaran da suka zo kai tsaye daga aji suna rubuta duk abin da malami ya faɗa, mu da muka taɓa riƙe dosiye muna ɗaga hannu don muna da tambayar da ta hana mu barci.

Saboda haka ga yadda nake raba su. Wanda ya samu cikakken tallafi, makaranta da ɗaki da jirgi, kuma Ingilishinsa ya nuna, ya tafi Turai gobe, kada ya saurare ni, sai dai ya tafi da niyyar dawowa ya yi CAPA ko gasar alƙalai. Wanda koyarwa da bincike yake so, digirin dakta yake hange, shi ma waje ya fi masa, ko Dakar ko Turai, don can malaman da littattafan suke. Mai son aiki da ƙungiyoyin agaji ko na kare haƙƙi, mastan Afirka ya ishe shi, da sauran kuɗi a hannu. Amma wanda ke son ranar da zai tsaya gaban alƙali da sunayen mutanen ƙauye a hannunsa, kuma sai an saida gona ko garka kafin ya tafi, wannan ya tsaya. Ya gama mastansa kan dokar laifi, ya shiga aiki, ya fara Ingilishi yau don ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan shekara biyar masu ba da tallafi su ne za su fi son sa, don yana da abin da zai rubuta a wasiƙar nema wanda ya wuce "tun ina yaro nake son adalci".

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kawu, kai ma fa sai da ka je." Na ce na je, da kuɗin wasu. Ta rubuta wa jami'ar tana roƙon a ɗage mata zuwa baɗi, ta cike takardun tallafi guda biyu, ta shiga ajin Ingilishi na dare. Garkar tana nan, an yi dashe. Da safe tana zuwa ofis, na ba ta wani tsohon dosiye mai shafi fiye da 400 na ce ta fitar mini da kowace rana da kowane suna a jere. Takardar Holan ɗin kuwa har yanzu tana cikin jakarta, cikin leda don kada ƙura ta taɓa ta.